Nauyin ƙarfe ga dattijo da matashi: kurakuran da aka fi yi wajen saita shi

Duk wanda ya saba shiga wurin motsa jiki ya ga irin wannan. Dattijo ya shigo, mai horarwa ya miƙa masa ƙarfen kilo ɗaya ya ce, "Baba, a bi a hankali." Bayan wata shida ƙarfen nan ne dai a hannun Baba, yana ɗagawa yana hira, ko zufa babu. Can gefe kuma saurayi ya jibga wa sanda ƙarafa, ya cije baki, baya ya gantsare, abokin da ke tsaye a kansa shi ne ma ke ɗaga rabin nauyin. Laifin guda ne: an zaɓi nauyi ba a auna ƙarfin mai ɗagawa ba. An dubi furfurar wancan aka rage masa, wannan kuma ya dubi na kusa da shi ya ƙara wa kansa.

Kilo ba shi ne ma'auni ba

Daga nan sauran kurakuran suke fitowa. Kilo 20 na iya zama wasa ga wani, ya zama ƙurewar ƙarfin wani. Shi ya sa masana suke auna tsananin atisaye da nauyi mafi girma da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya tak ba tare da tsayuwarsa ta lalace ba, wanda a takardu ake rubutawa 1RM. Daga wannan iyaka ake cire kaso. Kwalejin likitancin wasanni ta Amurka, ACSM, ta ba sabon shiga shawarar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na iyakarsa, ya ɗaga sau 8 zuwa 12 a kowane zagaye. Wanda ya goge kuma ƙarfi zalla yake nema yana hawa kashi 80 zuwa sama. Dattijon da bai taɓa yi ba zai fara daga kashi 40 zuwa 50.

Ba dole ne a kai sabon shiga ga gwajin ɗagawa ɗaya ba, ni ma ban ga amfanin yin haka a makon farko ba, ko yaro ne ko babba. Akwai lissafin kimanta iyakar da ake jingina wa wani mai horar da 'yan wasa, Epley: ka ninka nauyin da yawan ɗagawar da ka iya yi, ka raba da 30, sannan ka haɗa da nauyin. Wanda ya ɗaga kilo 20 sau 9 ya kasa na goma, iyakarsa tana wajen kilo 26, kashi 70 ɗinsa kuwa wajen kilo 18. Lissafin yana rauni idan ɗagawar ta haura goma. Kuma kaso ɗaya ba ya ba da adadi ɗaya a kowane atisaye: a injin tura ƙafa mutum yakan yi ɗagawa da yawa a kashi 80 fiye da yadda zai yi a tura ƙarfe daga ƙirji. Wanda ya kwafi jadawali daga intanet ya shimfiɗa shi a kan kowane inji, wani wurin zai yi masa sauƙi, wani ya fi ƙarfinsa.

Hanyar da ta fi sauƙin amfani kullum tambaya ce guda bayan an ajiye ƙarfe: da an ce ka ci gaba, sau nawa za ka iya ƙarawa? Idan amsar biyu ce ko uku, nauyin ya yi daidai ga yawancin mutane. Idan mutum ya ce "ai ko goma ma," to ɗumama jiki ya yi. Sai dai sabon shiga bai iya amsa wannan tambaya ba. Da tsoka ta fara zafi sai ya ɗauka ya ƙure, alhali da sauransa. Ido ya fi bakinsa gaskiya a nan: a kalli saurin ƙarfen. Muddin ɗagawa ta goma tana tafiya da saurin ta farko, da saura. Idan ƙarfen ya fara jan jiki a tsakiyar hanya duk da mutum yana turawa da gaske, an kusa.

Tausayin da ke kwantar da dattijo

Wannan shi ne kuskuren da ya fi ba ni takaici, domin masu yinsa da kyakkyawar niyya suke yi. Daga wajen shekara 30 tsokar jiki takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, bayan 60 raguwar ta ƙara sauri. Zaruruwan tsoka masu saurin aiki su ne suka fi zubewa, kuma su ɗin ba sa tashi aiki sai kaya ya yi nauyi, ko motsi ya yi sauri, ko an kusa gajiya sosai. Ƙarfen kilo ɗaya da ake ɗagawa ana hira ba ya ko taɓa su.

A 1990 likita Maria Fiatarone da abokan aikinta suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a gidan kula da tsofaffi a Boston. Mutum 10 ne, masu shekara 86 zuwa 96, masu rauni da cututtuka iri-iri. Aka ɗora su a injin miƙe gwiwa sau uku a mako, aka kai su kashi 80 na iyakarsu. Bayan mako 8, mutum 9 da suka kammala ƙarfinsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici, tsokar cinya ta ƙaru da wajen kashi 9. Gwajin ƙarami ne, amma manyan da suka biyo baya sun tabbatar da hanyar. Haka a Ostareliya, masu bincike a Jami'ar Griffith sun ɗauki mata 101 da suka daina al'ada kuma ƙashinsu ya yi rauni. Rabinsu suka riƙa ɗaga ƙarfe mai nauyi, fiye da kashi 85 na iyakarsu, zagaye 5 na ɗagawa 5, sau biyu a mako, minti 30 kacal. Bayan wata 8 taurin ƙashin bayansu ta ƙasa ya hau da kashi 2.9, na waɗanda suka yi atisaye mai sauƙi a gida ya sauka da kashi 1.2.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya loda wa mahaifiyarsa ƙarfe gobe da safe. A gwaje-gwajen nan biyu akwai ƙwararre tsaye a kan kowa, an duba lafiyarsu kafin a fara, kuma matan Ostareliya sun shafe watan farko suna koyon tsayuwa da riƙo da nauyi kaɗan. Gyaran dai shi ne a fahimci cewa kashi 40 zuwa 50 ƙofar shiga ce. Bayan 'yan makonni, idan jiki ya karɓa, a hau zuwa 60, a wuce 70, wanda lafiyarsa ta yarda ya kai 80.

Akwai wani abu da ake mantawa: saurin fitar da ƙarfi yana riga ƙarfin kansa raguwa a tsufa. Dattijon da ya yi tuntuɓe ba shi da daƙiƙa uku na tattaro ƙarfi, ƙafa ce za ta fita nan take ko ya faɗi. Don haka umarnin "a hankali, a hankali" a kowane motsi ba daidai ba ne. Da matsakaicin nauyi, kamar kashi 40 zuwa 60, a tura da hanzari, a sauko a hankali cikin daƙiƙa biyu ko uku. Ko tashi daga kujera za a iya yi haka: a miƙe da zafin nama, a zauna ba tare da an faɗa kujerar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce kowane baligi ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su haɗa ƙarfi da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku.

Matashi da ƙure kai

Shi matashi matsalarsa ido. Ya ga wani ya ɗaga kilo 80, shi ma sai 80, ko da zai yanke motsin rabi, ya buga sandar a ƙirji ta yi tsalle, ya ɗaga ƙugu daga benci. Nauyin da ba ka iya saukewa da ikonka ba naka ba ne tukuna. A rage kashi 10 ko 20, a cika motsin daga farko har ƙarshe.

Na biyu, ƙure kai a kowane zagaye har sai hannu ya mutu. Wani gwaji a Jami'ar McMaster da ke Kanada a 2012 ya nuna samarin da suka yi atisaye da kashi 30 har suka gaji sun sami girman tsoka kusan daidai da masu kashi 80, sai dai masu nauyin sun fi su ƙaruwar abin da suke iya ɗagawa. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa sai an ƙure kullum. Abin da ya nuna shi ne nauyi kaɗan ba ya aiki sai an kusanci gajiya. Mai ɗaga kashi 75 ko 80 zai iya barin ɗagawa ɗaya zuwa uku a ajiye kuma ya sami kusan duk ribar, ya dawo jibi da ƙarfinsa. Ƙurewa a tsuguno da sanda a wuya, ko a ɗaga ƙarfe daga ƙasa, nan ne baya yake karɓar abin da ƙafa ta kasa. Wanda ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Ciwon jiki bayan atisaye kuma ba shaidar aiki ba ne. Yakan yi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, ya ragu da sabo. Amma idan ciwon ya wuce misali, gaɓa ta kumbura, fitsari ya yi duhu kamar ruwan ƙasa, wannan alamar tsoka ce ta farfashe har tana barazana ga ƙoda. Asibiti za a nufa a ranar. An fi ganin haka ga wanda ya daɗe bai yi ba ya dawo ya ce sai ya rama a yini ɗaya.

Numfashi, da agogon hannu

A 1985 an auna hawan jinin wasu ƙwararrun masu gina jiki suna tura ƙafa biyu da nauyi mai tsanani, aka sami matsakaicin 320/250, ɗaya daga cikinsu ya haura 480/350. Na 'yan daƙiƙoƙi ne, kuma riƙe numfashi yana cikin abin da ya kai shi can. Dattijo, da duk mai hawan jini, ya fitar da numfashi lokacin turawa, ya shaƙa lokacin saukewa. Wanda awonsa a zaune ya haura 180/110 ba ya taɓa ƙarfe sai an daidaita shi. Mai ciwon zuciya, da mai ciwon sugan da ya taɓa ido, su fara da likita.

Kada kuma a saita nauyi da bugun zuciyar da agogo ke nunawa. Wannan ma'aunin gudu ne da keke. Zagaye biyar masu nauyi na iya ƙarewa bugun bai hau sosai ba, ga kuma magungunan hawan jini da ke danne bugun da gangan.

Yaushe ake ƙari

A makonnin farko ƙarfi yana hawa da sauri tun tsoka ba ta girma ba, domin ƙwaƙwalwa ce ke koyon tura saƙo ga tsokoki. Kashi 70 na watan jiya ya koma 55 a yau, mutum yana nan riƙe da tsohon lissafi. Ƙa'idar ACSM mai sauƙi ce: idan kana wuce adadin da aka sa maka da ɗagawa ɗaya ko biyu, ƙara kashi 2 zuwa 10, kaɗan ga hannu da kafaɗa, da ɗan yawa ga ƙafa. Matsalar ita ce ƙananan ƙarafa tsallensu babba ne. Daga kilo 4 zuwa 5 ƙarin kashi 25 ne. A irin wannan sai a fara ƙara yawan ɗagawa, daga 10 zuwa 15, sannan a hau nauyi na gaba a koma 8.

Jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ba ta saurin sabo kamar tsoka, shi ya sa matashin da ke ƙari kowane zuwa yakan ƙare da ciwon gwiwar hannu ko kafaɗa. A bar awa 48 kafin a sake matsa wa tsoka ɗaya, a huta minti biyu zuwa uku tsakanin zagaye masu nauyi. Gajeren hutu yana sa nauyi daidai ya zama kamar ya yi yawa. Duk wannan ba ya yiwuwa da ka, sai an rubuta nauyi, da yawan ɗagawa, da abin da ya saura a kowane zuwa. Wanda jinya ko tafiya ta raba shi da ƙarfe na makonni, ya buɗe littafin, ya koma baya da kamar kashi ɗaya cikin biyar na inda ya tsaya, ya sake hawa cikin mako biyu ko uku. Dattijon da ya kwanta a gado, ko na 'yan kwanaki ne, ya koma baya fiye da haka.