Inda ake yawan tuntuɓe wajen haɗa inbata mai Z

Ɗaliban lantarki a Birnin Kebbi da Aliero kan zaɓi inbata mai Z a aikin kammala karatu, saboda mataki ɗaya ne yake ɗaga wutar fanel ɗin sola ya kuma mai da ita irin ta gida. Fang Zheng Peng ne ya fito da tsarin a 2002: koyil biyu da kafasito biyu a giciye, da dayod a bakin shiga. A inbata ta yau da kullum, in transistan sama da na ƙasa (makunnan da ke buɗe wa wuta hanya su rufe) na reshe ɗaya suka kunnu tare, allo ya ƙone ke nan. A nan kuwa da gangan ake haɗa su na ɗan ƙiftawa, koyil ya sha ƙarfi. Wannan haɗewar ganganci ita ce tushen aikin, kuma a kanta ake faɗuwa.

Wani sai ya sayo direban ƙofa, wato na'urar da ke kunna transista da kashe shi, mai kariyar hana sama da ƙasa kunnuwa tare, ya kwana yana neman inda wutar ta maƙale. Direban aikinsa yake yi. A nemi wanda ake ba kowane ɓangare umarninsa daban.

Mafi tsada shi ne kwaɗayin ɗagawa. Idan D ne rabon lokacin haɗewa, wuta na ninkuwa da 1/(1−2D). A 0.2 ninki 1.67 ne, a 0.3 ninki 2.5, a 0.45 har ninki 10. Sai dai lokacin haɗewar daga lokacin da inbata ba ta tura komai ake yankarsa, don haka a salo mai sauƙi ma'aunin M, wato rabon wutar da inbata ke fitarwa daga wadda aka ɗaga, ba ya wuce 1−D. Fanel mai bolt 200, D a 0.3, M a 0.7: ƙololuwar fitarwa bolt 350, ya ishi wutar gida ta 230 mai buƙatar 325. Amma transista bolt 500 yake ɗauka. Mai 600 ya rage masa kaɗan, ga tsinin wutar da doguwar waya ke haifarwa. A ƙara fanel a jere, a rage D. Wanda ya bar haɗewar ta ci lokacin turawa kuma, zai ga igiyar wutar ta karkace, fanka na gurnani.

Rawar wuta, wato ɗan hawa da saukar da take yi maimakon ta tsaya cak, iri biyu ce, magani ɗaya ba ya yi musu. Mai sauri daga kunnawa da kashewa take. A raba lokacin haɗewa ƙanana a cikin zagaye ɗaya, koyil ɗin ma zai iya raguwa. Mai nauyin ita ce ta inbata mai layi ɗaya: wutarmu na zagaye 50 a daƙiƙa, ƙarfin da ake ja kuwa yana hawa da sauka sau 100. Ƙara saurin kunnawa ba ya taɓa ta. In ta kai fanel, na'urar bin ƙololuwar ƙarfi sai ta riƙa lalube. Ko dai kafasito mai girma, ko a sa kwantirola ya riƙa karkata D don rawar ta tsaya a kafasito. A mai layi uku, salon ƙure ɗagawa, inda D ke canzawa, kan kawo rawa sau 300 a daƙiƙa. Ni na fi son salon da D ke tsaye, a haɗa da igiyar da saurinta ya ninka na wutar gida sau uku, M na iya kaiwa 1.15.

Kafasiton ruwa kuwa, duk ƙarin zafi digiri 10 kusan rabin rayuwarsa ne. Akwatin ƙarfe a shago mai rufin kwano, a watan Afrilun Argungu, ba wurin wanda iyakar zafinsa digiri 85 ba ne. A sa mai 105, nesa da koyil.

A gwada da ƙaramin kaya ma, kwan fitila ɗaya. Nan ne dayod kan yanke a inda bai kamata ba, wuta ta haura lissafi. Kuma a taso da D daga sifili a hankali, a caja kafasito ta resista kafin a kunna.