Malaman aji shida, ga yadda za ku riƙa sanar da iyaye halin da ake ciki

Shekarar farko da aka ba ni aji shida na zauna na tsara wasiƙa mai kyau zuwa ga iyaye, na biya aka buga min a kwamfuta, na raba wa yara sama da 40. Bayan kwana biyu na tsaya sayen awara a bakin get, sai ga shi an naɗo min ita a cikin wasiƙata, har sa hannuna maiƙo ya jiƙa. Tun daga ranar na daina ɗora wa yaro ɗan shekara 11 aikin masinja shi kaɗai.

Abu na farko, a satin farko na zangon farko ka tattara lambobin waya, amma kar ka tsaya a kan lambar uba. Mahaifin da ke fita Kantin Kwari ko Singa tun safe bai dawowa sai bayan isha'i, ko ka kira shi cewa zai yi "to malam, Allah ya saka" ya ci gaba da ciniki. Tambayi yaron, waye yake zama da kai in za ka yi aikin gida? Wani mamarsa ce, wani yayarsa da ke sakandare, wani ma a hannun kaka yake. Wannan mutumin kake nema. Sai dai a kula, in kai namiji ne kar ka ɗau waya ka kira matar mutane kai tsaye, nemi izinin mai gidan tukunna, ko ka haɗa su da malama mace a makarantar ta riƙa isar da saƙon. Nan Kano ne, ƙaramin abu sai ya zama magana. Ka kuma rubuta a gefen kowace lamba ko babbar waya ce ko 'yar rakani-kashi.

Masu babbar waya a buɗe musu guruf a WhatsApp, kuma tun ranar farko a kulle shi yadda admin kaɗai zai iya turo saƙo, in ba haka ba wallahi kafin sati ya zagayo ya cika da tallan atamfa da barka da Juma'a da "tura wa mutum goma", sanarwarka ta nutse a ƙasa. Ni ranar Asabar nake buɗewa don tambayoyi, Lahadi da dare in rufe.

Saƙon kansa kuma murya ta fi rubutu. Iyaye da yawa ba sa karanta boko da sauri, wasu ajami suka iya, amma kowa yana jin Hausa, uwa tana tuƙa tuwo ma za ta saurara. Kar ya wuce minti biyu, kar a cika bidiyo don data tsada take. Duk Alhamis da yamma nake turawa, kusan haka: "Assalamu alaikum iyayenmu, wannan satin mun yi kason lissafi, rabi da kwata da ɗaya bisa uku. Sati mai zuwa akwai gwaji ranar Talata. Abin da muke roƙo, in an aiki yaro sayen kayan miya a bar shi ya lissafa canjin da bakinsa kafin ya miƙa." Ka ga an ba uwa abin da za ta iya yi ko da ba ta taɓa shiga aji ba. Cewa kawai "a sa ido a kan karatun yara" ba ya kai kowa ko'ina.

Waɗanda ba sa guruf, ƙaramin littafi ɗaya ya isa, ka rubuta layi biyu da Hausa, a sa hannu ko a dangwala a dawo da shi Litinin, sannan kira sau ɗaya a wata.

Yanzu babbar maganar, kwaman entirans, wato jarrabawar shiga sakandare. Tun zangon farko ka fayyace musu cewa akwai ta jiha ta shiga ƙaramar sakandare, akwai kuma wadda NECO ke shiryawa ta shiga kwalejojin gwamnatin tarayya irin su FGC Kano da FGGC Minjibir, kuma ita wannan sai an yi rajista an biya kuɗi. Ka faɗa musu abin da ake tambaya, lissafi da Turanci da kimiyya da tambayoyin nan na gwada kaifin ƙwaƙwalwa da muke ce wa kwantitetib da babal. Da zarar an sanar da ranar rufe rajista ka tura, ka sake turawa, ka kuma kira waɗanda ka san sai ƙarshen wata kuɗi ke shigo musu. Sannan suna, don Allah a kula da suna. Ka aika wa kowane gida yadda aka rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa a rajistar makaranta su gwada da takardar haihuwa, domin Muhammad a nan, Mohammed a can, Aisha yau A'ishatu gobe, shi ne yake bin yaro har WAEC da JAMB, ƙarshe a ga uba yana zarya kotu neman takardar rantsuwa a kan harafi ɗaya.

Makin yara ko laifinsu ba ya shiga guruf, ko kusa. Matan unguwa ɗaya ne, wasu ma kishiyoyi, ka saka jerin na ɗaya zuwa na ƙarshe ka haɗa faɗan da ba za ka iya rabawa ba. In akwai matsala a kira mutum gefe. Na taɓa samun yaron da yake aji shida amma haɗa baƙi yana ba shi wuya, na roƙi mahaifinsa ya biyo kafin ya wuce kasuwa, ban ce masa komai ba, na dai miƙa wa yaron littafin aji uku na ce karanta wa Baba. Ya kai minti guda a layin farko, yatsansa na rawa a kan takarda. Mahaifin ya cire hula ya shafa kai ya ce "Malam, kullum fa da jaka yake fita." Na ce Alhaji ai ba a makara ba, lissafinsa da kyau, karatun ne za mu haɗu a kai, minti 20 bayan magariba shi da yayarsa. Da a waya na faɗa masa, duka kawai yaron zai sha.

Lesin na yamma kuma kar ka yanke lokacinsa kai kaɗai, yawancin yaranmu suna da Islamiyya bayan la'asar, wasu ma shekarar saukarsu ce. Tambayi iyaye, galibi safiyar Asabar ko yammacin Alhamis ta fi sauƙi. Ka duba kalanda ma ka ga inda azumi zai faɗo, tunda duk shekara yana matsowa da kusan kwana 11.

Fita yawon buɗe ido zuwa Gidan Makama ko Gidan Zoo ko marinar Ƙofar Mata, a sanar sati biyu kafin ranar, nawa ne, wace mota, ƙarfe nawa za a dawo, waɗanne malamai za su raka, kuma wanda ba a sa masa hannu ba ba ya shiga mota. Kuɗin bikin yaye ɗalibai ma a faɗe shi tun zango na biyu a bar mutane su biya kaɗan-kaɗan kamar adashi, kowane biya da rasit, kuma in ka tambaye ni a rage anko da rigar gawun ɗin nan, iyayen na da yunifom da littattafan sakandare a gabansu.

Bayan an yi biki kar ka yi saurin goge guruf ɗin. Sakamako bai fito ba tukunna, kuma a watan Satumba za a dawo neman takardar shaidar gama firamare, lambarka ce a wayarsu ba ta hedimasta ba.