Daidaita kabureta a tsohon babur: inda sababbin makanikai ke tuntuɓe

Kusan duk babur ɗin da ƴan kabu-kabu ke ja a Damagaram, Kasea ne ko Haojue ko wani ɗan'uwansu, silinda ɗaya gare shi, kabureta ɗaya. Irin wannan a wanke shi, a gyara ralanti, wato juyin inji lokacin da ba a murɗa totur ba, shi ke nan. Shi ya sa yaro kan daɗe a gareji bai taɓa ganin aikin daidaitawa ba, sai ranar da aka turo masa ɗaya daga cikin tsofaffin manyan nan: Honda Transalp da aka fara ƙerawa a 1987, ko Africa Twin, ko Yamaha Super Ténéré 750 ta 1989, wadda aka raɗa wa sunan hamadarmu. Waɗannan kabureta biyu gare su. Honda CB750 kuwa, da ta fito a 1969, huɗu ne a jere.

Kowace kabureta tana da ƴar ƙofa da ke buɗewa idan an murɗa totur. Aikin shi ne a sa ƙofofin nan su buɗe tare, kowace silinda ta zuƙi iska daidai da ƴar'uwarta. In ɗaya ta riga ɗaya, sai inji ya zama kamar shanun huɗa da ba a hora tare ba, wannan na ja, wancan na jan ƙafa. Ralanti ya yi ta rawa, babur na karkarwa, ka saki totur ƙara ta ƙi sauka da wuri.

Kuskure mafi girma shi ne a fara da wannan aikin, alhali shi ne na ƙarshe. Abin da ake aunawa ƙarfin zuƙar silinda ne, kuma ba kabureta kaɗai ke da hannu a ciki ba. Supap, wato murfin da ke buɗe wa iska hanyar silinda ya kuma rufe, in ta matse ba ta rufewa sosai, sai zuƙar silindar ta ragu. Sabon makanike ya ga awo ya karkace, ya kama bis ya murɗa har ya miƙe. Ciwon na nan, ya dai lulluɓe shi, kuma ranar da aka gyara supap ɗin duk aikinsa ya rushe. Saboda haka a fara auna tazarar supap, da inji a sanyaye, wanda ya kwana bai tashi ba. Sai buji, sai matatar iska. Kowa ya san abin da ƙurar hunturu ke yi wa matatar iska a garin nan: ka ciro ta, ka buga a gwiwa, sai ka yi atishawa. Wanda ya daidaita a kan toshiyar matata, ranar da aka sa sabuwa sai ya sake daga farko.

Sai robobin da ke haɗa kabureta da inji. Babur mai shekara talatin da ya sha ranar Damagaram, robar nan takan bushe ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Iska na satar hanya ta nan, kuma babu bis ɗin da zai hana ta. Da inji na ralanti, fesa ɗan maganin wanke kabureta kewaye da robar, kaɗan dai, nesa da salansa. In ƙara ta sauya, ka kama ɓarawo. Haka ɗan ƙaramin ramin da mai ke bi a ralanti: esansin kwalba na bakin hanya ba kullum yake da tsabta ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. A hure da iska. Masu zura allura ko wayar birki suna faɗaɗa ramin ne, kuma tagulla in ta faɗaɗa ba ta komawa.

Akwai kuma rikita bis. Uku ne, kowane da aikinsa. Babban nan da ake juyawa da yatsa na ralanti ne. Ƙaramin na tagulla da ke jikin kowace kabureta na cakuɗa mai da iska ne, ba shi ake nema ba. Na daidaitawa galibi yana tsakanin kaburetocin, a kan ƙarfen da ya haɗa su, yawanci da ɗan sifirin a ƙarƙashinsa. Kuma galibi akwai kabureta ɗaya da ba ta da nata bis, ita ce uwa, sauran ake kawowa wajenta. Na sha jin mai gareji yana ce wa yaronsa, "Kai, ɗan nan, wa ya aike ka wurin na tagulla?" In ma dole ce ta sa za ka taɓa shi, fara murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, ka rubuta, don ka san inda za ka maido shi.

Kayan awon fa? Agogunan zuƙa, masu nuna ƙarfin zuƙar kowace silinda, ba kowane gareji ke da su ba. Wanda ke da su ya fara gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan silinda guda. In ba su faɗi magana ɗaya ba, ƙaryar agogo zai yi ta bi. Allura in tana tsalle, a matse ɗan famfon da ke kan tiyo har ta natsu tana ɗan motsi, kada a matse har ta mutu.

Wanda ba shi da su, farin tiyo siriri mai tsawon mita huɗu zuwa biyar ya ishe shi. A lanƙwasa shi biyu, a ɗaure a jikin katako a tsaye, a zuba man inji mai launi har ya hau kamar rabin mita a kowane ɓangare, a bar kumfa ta fita, sannan a soka kowane baki a ramin zuƙa na silinda ɗaya, wato ɗan ramin awo da ke tsakanin kabureta da inji. Ɓangaren da mai ya hau, silindar nan ce ta fi zuƙa. Kada a sa ruwa, domin in inji ya shanye shi an shiga uku. Ko man ma, in ka ga ya taso da gudu, kashe inji nan take. Ga abin da yara ba su sani ba: littattafan masu ƙera babur da zaiba, wato ruwan ƙarfen nan mai nauyi, suke lissafi, wasu na Honda sukan yarda da bambanci har 40 mm. Zaiba ta fi man inji nauyi wajen sau 15, wato wannan 40 mm ɗin a tiyon mai ya kai kusan santimita 60. To yaron da ke zufa yana neman share bambancin faɗin yatsa biyu, wahalar banza yake sha, ya riga ya wuce abin da kamfani ya nema tun tuni.

Ita wannan wahalar tana da tsada. Ana aikin ne da inji mai ɗumi, amma injin da iska ke sanyayawa, irin CB750, in ya daɗe tsaye a ralanti cikin zafin watan Afrilu sai ya ɗauki zafi sosai, awo kuma ya fara yawo. A yi da sassafe, a inuwa, a kafa masa fanka. In aiki ya ja, a kashe a sha shayi.

Wajen murɗawa, kwatan zagaye ma ya yi yawa. Taɓa kaɗan, ɗauke turnabis gaba ɗaya, domin nauyin hannunka kansa na danna ƙarfen ya sauya awo. Ba da wuta sau ɗaya, saki, jira mai ya zauna, sannan ka karanta. Ralanti in ya haura ko ya faɗi, maido shi inda littafi ya ce kafin ka ci gaba. A mai huɗu da ke da bis uku, a haɗa ta ɗaya da ta biyu, sai ta uku da ta huɗu, sannan bis na tsakiya ya haɗa ɓangarorin. Inda akwai noti mai kulle bis, sake duba awo bayan an ɗaure, yakan goce.

Da an gama, a toshe ramukan zuƙa duka, a maida tiyon famfon mai in irin mai aiki da zuƙa ne, in ba haka ba babur zai mutu kafin ya kai Kasuwar Dole. Bayan an maida tankin da aka sauke don a kai ga kabureta, tayar da inji ka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe. In ƙara ta tashi, tanki ya danne wayar totur, sai a ɗaga shi a sake mata hanya.