Yadda za ka tuƙa babbar motar iyali in ta sha kaya

Wanda ya saba da Corolla ya koma Sienna, abin da ke ruɗa shi shi ne motar ba ta nuna nauyinta. In ƙirar kafin 2021 ce, injin V6 mai silinda shida gare ta, kana ba ta wuta ta zabura, sai ka ɗauka ƙaramar mota ce aka yi wa babbar riga. Alhali Sienna wayam ba kowa a ciki ta kai kusan tan 2, Corolla kuwa tsakanin kilo 1,200 da 1,300 take. Injin bai damu ba, birki da taya su ke ji a jikinsu.

Fara da buɗe ƙofar direba ka duba ƴar takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, nan aka rubuta nauyin da aka yarda ta ɗauka da iskar da taya ke so. Yawanci mutane da kaya gaba ɗaya ba su wuce kilo 500 zuwa 600 ba. To yi lissafi da kanka ɗan uwa, manya 8 kowa kilo 70 an riga an kai 560, ba a sa akwatin Hajiya ba, ba a sa buhun hatsi mai kilo 100 da za a kai wa tsohuwa a Magarya ba, ga jarkar ruwa ga kulolin abinci in biki za a. Kujera 8 ba ta nufin manya 8 da kayansu, wani abu dole ya bi wata mota.

In za ka loda, abu mai nauyi ya zauna ƙasa kuma ka turo shi gaba kusa da kujeru, kar a jibge shi can bakin ƙofar baya. Galibin irin motocin nan tayoyin gaba ke ja, in baya ya zauna gaba sai ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitila ta koma haska idon mai tahowa da dare. Saman mota kuwa tabarma da katifa dai, buhu ba wurinsa ba ne, don yana sa ta rinjaya a kwana.

Sai birki, nan ne maganar take. Cikin garin Damagaram, wajen kasuwar Dole ko hanyar shiga Birni inda ƴan kabu-kabu ke faɗo maka ba sallama ga amalanke ga yara, ka bar tazara fiye da wadda ka saba, ka ɗaga ƙafa daga wuta tun da nisa motar ta rage gudu da kanta kafin ka taka. A babbar hanya kamar ta Takeita zuwa Maradi ka riƙe wannan: in gudu ya ninka biyu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya ninki huɗu yake yi, shi ya sa bambancin 90 da 120 ba ƙarami ba ne ranar da jaki ko garken awaki ya hau kwalta. A gangara kar ka kwantar da ƙafa kan birki, zafi yake ɗauka ya daina kamawa, mai da giya ƙasa injin ya taimaka. Kuma takalmin birkin gaba yana saurin cinyewa a irin wannan mota, duk ranar juyen mai ka ce makanike ya leƙa shi.

Taya a auna ta da safe tun tana sanyi, da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba. Taya mai ƙarancin iska ga lodi ga zafin watan Afrilu, ita ce ke fashewa. In za ka sayi ta hannu duba lambobi 4 na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2318 na nufin sati na 23 a 2018, wannan ta tsufa ko da zanenta na da kyau.

Rairayi kuma sai haƙuri, motar gajeriya ce daga ƙasa, in ta cika ta ƙara zama. Shiga da ɗan gudu daidai kar ka tsaya a tsakiya, in ta kafe kar ka yi ta ba ta wuta tana haƙa wa kanta rami, a sauke mutane, a rage iskar tayoyin gaba kaɗan, a tura, kana hawa kwalta ka nemi mai faci ya mai da iskar. Tudun rage gudu ma a hankali ake hawansa a ɗan karkace, in ba haka ba ƙasan motar ya daku.

Mai dai za ta sha, ba makawa, musamman tashi da tsayawa na cikin gari. Abin da ke hannunka shi ne tashi a hankali, da sauke tarkacen da ke kwana a bayanta sati da sati ba dalili.