"Sorry" ba "sannu" ba ce: kurakuran da aka fi yi da ita

Babban kuskurenmu shi ne ɗaukar "sannu" mu sa mata rigar Turanci. Mutum ya yi tuntuɓe ko kofi ya suɓuce masa, sai mu ce "sorry". A Kano ko Legas kowa ya gane nufinka. A Landan kuwa sai ka ji an ce "it's not your fault", wato ai ba laifinka ba ne, don a kunnen Bature amsa laifi ka yi. Gyaran ba wuya: ka ce "Are you OK?" In atishawa ce, "bless you".

Ba wai kalmar ba ta jaje ba. Asalinta ma a tsohon Turanci "sarig" ne, mai jin ciwo, 'yar'uwar "sore". Sai dai jajen yana son a cika maganar. In ta'aziyya ce, "I'm sorry for your loss". In labarin rashin lafiya ko gobara ka ji, "I'm sorry to hear that".

A nan ne wasu ke zamewa su ce "I feel sorry for you", a zatonsu sun kai maƙura wajen nuna damuwa. Wannan tausayi ne irin na kallon mutum daga sama, wani lokaci ma baƙar magana ce, kamar ka ce "kai dai abin tausayi ne". Ni dai ban ba da shawarar a faɗa wa mutum ita ido da ido ba.

Akwai kuma "Sorry?" da ake ɗaga murya a ƙarshe. Ba haƙuri ake ba ka ba, "na'am?" ake nufi: maimaita, ba a ji ba. Kada ka amsa da "no problem". Haka ma in ma'aikacin ofis ya fara da "I'm sorry, but", to ka san a'a ce ke tafe cikin ladabi.

Neman hanya "excuse me" ne, kamar "gafara dai". Sai ka taka ƙafar wani "sorry" ke shigowa.

Nauyin amsa laifin nan har gaban alƙali ya kai. A 2009 lardin Ontariyo na Kanada ya yi doka cewa ba da haƙuri ba zai zama hujjar amsa laifi ba a ƙarar neman diyya.