Yadda ake ba mai ciwon zuciya maganin hana gudajin jini a ɗakin gaggawa

Mutum ya shigo dafe da ƙirji, gumi na keto masa, ciwon yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi. A yi masa ECG, wato gwajin da ke nuna yadda zuciya ke bugawa, cikin minti 10, kuma kada a jira sakamakon gwajin jini kafin a ba shi asfirin. Abin da ke toshe jijiyar zuciya shi ne ƙananan ƙwayoyin jini, filatilet, da ke taruwa su manne inda kitsen cikin jijiya ya tsage. Asfirin yana hana su mannewa.

Miligiram 300 za a ba shi, ya tauna. Asfirin mai kwanson da ba ya narkewa sai a hanji ba ya kamawa da wuri. Daga washegari, miligiram 75 kullum.

Kafin ka miƙa ƙwayar, tambaye shi: yana zubar jini, ko bayan gidansa baƙi ne kamar kwalta? Asfirin ya taɓa tayar masa da asma ko kumbura fuska? Sannan ka lura da irin ciwon. In yana tsagawa zuwa baya, awon jini a hannaye biyu kuma ya bambanta sosai, a dakata, domin babbar jijiya ce ka iya tsagewa, asfirin kuwa ƙara ɓarna zai yi.

Asfirin shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa shi da magani na biyu mai hana filatilet mannewa. Inda za a buɗe jijiya a sa ɗan ƙarfen da ke riƙe ta a buɗe, ticagrelor miligiram 180 ne, sannan 90 sau biyu a rana, ko prasugrel 60 sannan 10 kullum. Prasugrel kam ba a ba wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki. Inda streptokinase, allurar narkar da gudan jini, ce a hannu, clopidogrel ake haɗawa: 300 da farko, sai 75 kullum. Wanda ya haura shekara 75 a fara masa da 75 kawai, don gudun zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Kurakuran da aka fi yi guda biyu ne. Ana ƙara ibuprofen ko diclofenac don rage zafi, alhali suna ƙara haɗari. Ana kuma haɗa clopidogrel da maganin gyambon ciki omeprazole, wanda ke rage wa clopidogrel ƙarfi. Pantoprazole ya fi dacewa.

Ranar sallama a gaya wa majinyaci da mai jinyarsa ƙarara: magunguna biyun, asfirin da na biyun, galibi wata 12 ake shan su tare. In wanda aka sa wa ƙarfe ya daina shan su don ya ga ya samu sauƙi, jijiyar na iya sake toshewa farat ɗaya.