Kurakuran da Fargaba ke Jawowa a Intabiyun Neman Aiki ta Waya

Watan jiya wani aiki ya kuɓuce wa ƙanena, kuma ba don bai cancanta ba. Yana cikin Keke daga Ƙofar Ƙaura zuwa babbar kasuwa sai baƙuwar lamba ta kira shi. Ya ɗaga da "Wa ke magana?" Ashe ƙungiyar da ya tura wa takardunsa ce tun yana gama bautar ƙasa. Jikinsa ya ɗauki rawa, ga hon ta ko'ina, ga direba na neman canji, amma ya daure aka yi intabiyun a haka. Da ya dawo gida, ko tambaya ɗaya bai iya tuna mini ba.

Kuskuren da ya fi yawa ke nan: muna jin nauyin mu ce ba mu shirya ba. Alhali babu laifi ka ce kana kan hanya, a ba ka minti goma sha biyar ka sami wurin da babu hayaniya. Mai neman ma'aikaci ya fi son ya ji ka sarai. Kuma muddin takardunka na waje, kowace baƙuwar lamba ka amsa ta da ladabi, ka faɗi sunanka.

Sai sauri. Idan tsoro ya kama mutum, zuciya na bugawa, numfashi ya gajarce, baki ya bushe, magana ta riƙa fitowa kamar an kwance famfo. A gaba da gaba murmushi kan rufa maka asiri, amma a waya muryarka ce kaɗai ke wakiltarka. Kafin lokacin kiran, ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo, sau biyar ko shida. Ka ajiye ruwa kusa. Ka tashi daga kan katifa, ka zauna a kujera ko ka tsaya, domin murya daga kwance a mace take fita. Ni kan tuna wa ƙannena addu'ar Annabi Musa (AS) a Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, inda ya roƙi a buɗa masa ƙirji, a kwance ƙullin harshensa. Tana sanyaya zuciya ƙwarai.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tsoron shiru. Ka gama amsa, ka ji ɗif a ɗaya ɓangaren, sai ka ɗauka ka yi kwaɓa, ka shiga ƙari da kame-kame har ka warware abin da ka faɗa daidai. Yawanci rubutu suke yi. Ka gama, ka tsaya. Haka nan idan tambaya ta zo da Turancin da bai shiga kunnenka ba, ko sabis ya yanke rabinta, ka roƙi a maimaita. Amsa tambayar da ba a yi ba ta fi wannan muni nesa ba kusa ba.

Wasu kuma haddace amsa suke yi kamar karatun allo, ko su karanto daga takarda. Ana ganewa daga murya, kuma kalma ɗaya na ɓacewa sai komai ya rushe. Rubuta kanun magana kawai: ayyuka biyu ko uku da ka taɓa yi, da tambaya ɗaya da za ka yi musu a ƙarshe. Sa yayarka ko abokinka ya kira ka daga wani ɗakin ku gwada.

Cajin waya kuwa a yi shi tun da dare, kada a dogara da wuta. Mutanen Jibiya da Mai'aduwa su duba kada layi ya tsallaka sabis ɗin Nijar. A gaya wa mutanen gida ƙarfe nawa ne, a janye yara daga tsakar gida.